Nazarin Doka da Shugabanci a Duniyar 'Yan Gem: Jagora ga Mai Son Zama Malamin Jami'a daga Jos

A ce wani matashi a Anguwan Rogo ya tara kuɗin aikin wata biyu ya sayi akawun ɗin PUBG Mobile a hannun wani da suka haɗu a guruf ɗin WhatsApp. Bayan kwana uku, mai sayarwa ya kai kuka wa kamfani cewa kutse aka yi masa, kamfani ya mayar masa da akawun. Mai saye ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ina zai nufa? Kamfani zai ce tun farko ƙa'idarsa ta hana cinikin akawun. Ɗan sanda zai tambaye shi wane kaya aka ɗauke da ido zai gani. Wanda ya rage shi ne admin ɗin guruf, wanda zai ji ta bakin kowa, ya nemi rasit ɗin tura kuɗi, ya kori mai laifi, ya baza labarinsa a sauran guruf-guruf don kada ya cuci wani.

Hukuma uku ke nan a kan matsala guda: dokar ƙasa, dokar kamfani, da al'adar 'yan wasa. Nazarin yadda ukun nan suke karo da juna da yadda suke rufa wa juna asiri fanni ne na ilimi da ya haura shekara ashirin a jami'o'in Amurka, Turai da Ostareliya. Mafi yawan abin da aka rubuta a cikinsa a kan 'yan wasan can ne, masu kwamfuta da katin banki. Ɗan wasanmu da waya yake buga wasa, da data ta ƙidaya, yana sayen UC ko daimon, wato kuɗin cikin wasa, ta hannun dillali. Wannan giɓin shi ne jarin mai bincike daga Jos.

Tushen karatu

Hanya mafi miƙewa ita ce digirin lauya na shekara biyar, a Jami'ar Jos ko wata jami'ar da aka amince wa tsangayarta ta shari'a, sai Makarantar Horas da Lauyoyi mai hedikwata a Bwari, sai hidimar ƙasa. A cikin darussa, huɗu ne za su ɗauke ka har ƙarshen aiki: dokar kwantiragi, dokar mallakar fasaha, dokar shaida, da darasin saɓanin dokokin ƙasashe. Na ƙarshen nan ɗalibai da yawa suna guje masa don wuya, amma duk rigimar da ke tsakanin ɗan Najeriya da kamfanin da ke Singafo ko Amurka daga nan take farawa. Idan ana koyar da shari'ar Musulunci, ka ɗauka da muhimmanci, dalilin zai zo a ƙasa. Ka yi ƙoƙarin fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, domin da shi ake tantance masu neman koyarwa da masu neman tallafi. Kundin bincikenka na aji biyar kuwa ka yi shi a kan wannan fanni, ko da shafi sittin ne.

Wanda ya karanta nazarin zamantakewa, aikin jarida ko kimiyyar kwamfuta yana da wuri a ɓangaren shugabanci da tsarin al'umma. Sai dai koyarwa a tsangayar shari'a tana buƙatar digirin lauya, don haka ya san tun wuri a wane sashe zai nemi kujera.

Abin da dole ka sani kafin ka buɗe baki

Fannin yana da 'yan shari'o'i da misalai da duk wanda ke cikinsa ya haddace. Ka karanta hukuncin kansa, kada ka tsaya a taƙaitawar wani.

A 2007 wata kotun tarayya a Fensilbeniya ta saurari ƙarar Marc Bragg, lauyan da kamfanin Linden ya rufe wa akawun a wasan Second Life tare da filayen da ya saya a ciki. Kamfani ya ce ai Bragg ya amince a kai duk rigima gaban masu sulhu a Kalifoniya. Alƙali ya ƙi, ya ce sharaɗin ya yi wa ɗan wasa danniya da yawa. Daga baya suka sasanta, shi ya sa tambayar ko filin nasa ne ba ta samu amsa ba. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a rigimar kamfanonin MDY da Blizzard kan manhajar da ke buga World of Warcraft a madadin mutum, ta bambance karya sharaɗin kwantiragi da keta haƙƙin mallaka, bambancin da har yau ake gina muƙaloli a kansa. A Janairun 2012 Kotun Ƙolin Holan ta tabbatar da hukuncin sata a kan ɗaya daga cikin samarin da suka doki wani yaro suka tilasta masa miƙa musu laya da abin rufe fuska na cikin wasan RuneScape. Hujjar kotu ita ce kayan suna da daraja saboda lokaci da wahalar da aka sha kafin a same su, kuma yaron ne ke da iko a kansu har aka ƙwace.

Ta ɓangaren shugabanci, ka san labarin LambdaMOO, wata tsohuwar duniyar intanet da ake mu'amala a cikinta ta rubutu, inda cin zarafin da wani ya yi a 1993 ya sa mazauna wurin suka shiga muhawarar hukunci, daga baya aka kafa tsarin koke da ƙuri'a. Ka san majalisar da 'yan wasan EVE Online suke zaɓa tun 2008 don ta wakilce su gaban kamfanin CCP na Aisland. Ka san kotun 'yan wasa da Riot Games ya buɗe wa League of Legends a 2011, inda 'yan wasa ke duba ƙorafi su kaɗa ƙuri'ar hukunci ko afuwa, ya kuma rufe ta a 2014. Ra'ayin Lawrence Lessig na 1999, cewa abu huɗu ke juya halin mutum a intanet, wato doka, al'ada, kasuwa da yadda aka gina manhajar kanta, shi ne ma'aunin da kusan kowa ke farawa da shi. Amma ga mai nazarin guruf-guruf namu, aikin Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009 kan yadda al'umma ke tafiyar da dukiyar tarayya ba tare da gwamnati ba, ya fi amfani: wa ke cikin al'umma, wa ke sa ido, shin hukunci yana hawa daki-daki, ina ake kai ƙara cikin sauƙi.

Sai dokokin gida. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da gyaranta na 2024. Dokar Kare Bayanai ta 2023. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, musamman sashe na 127 da ya yi magana a kan sharuɗɗan kwantiragi marasa adalci. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, tare da shari'ar Kubor da Dickson inda Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet don ba a cika sharuɗɗan ba. Da kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 da ya ce tsara caca da reful hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 a Abuja kawai take aiki.

Zaɓen tambaya, inda yawanci ake faɗuwa

Take irin su "Tasirin wasannin intanet ga dokokin Najeriya" ba zai kai ka ko'ina ba. Ya yi faɗi, kuma ba shi da amsar da za a iya ƙaryatawa. Tambaya mai kyau tana da wasa ɗaya ko biyu, al'umma takamaimai, da ƙa'idar doka guda da ake gwadawa.

Ɗauki batun sata. Kundin Final Kod na Arewa ya fassara sata da ɗauke dukiya mai motsi daga hannun mai ita da rashin gaskiya. To akawun ko bindigar cikin wasa dukiya ce mai motsi? Idan ba ita ba ce, shin tanadin zamba ko na shiga kwamfuta ba izini a dokar 2015 ya toshe gurbin? Kwatanta wannan da hujjar kotun Holan ya isa kundin digiri na biyu.

Ko akwatin sa'a, wanda ake biya a buɗe ba tare da sanin abin da zai fito ba. Hukumar caca ta Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Bayan hukuncin 2024, tambayar a nan ta koma ta jiha-jiha: me dokar Filato ta ce caca, kuma shin abin da ke faɗowa daga akwatin ya cika ma'anar lada mai daraja, ganin cewa ana sayar da akawun da kuɗi a bayan fage?

A nan ne shari'ar Musulunci take ba ka abin da abokan aikinka na Turai ba su da shi. Fiƙihu yana da dogon bayani a kan abin da ya cancanci a kira dukiya, a kan garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, a kan maisir, wato caca, da kan sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Idan yarjejeniyar kamfani ta ce lasisin amfani kawai aka ba ka, me mai sayar da akawun ya sayar? Manfa'a ce ko zatin abu? Idan mai akawun ya rasu, yana shiga cikin gado? Ka bi littattafan Malikiyya da kanka, ka zauna da malaman fiƙihu ka nuna musu yadda akwatin yake aiki a waya kafin ka tambaye su, domin fatawar da aka bayar ba tare da an ga abin ba ba za ta tsaya a gaban masu jarrabawa ba. A ganinmu wannan reshe shi ne mafi daraja da mafi ƙarancin masu aiki, kuma ya fi dacewa da wanda ya haɗa Larabci da Turanci.

Akwai kuma tambayar da Jos ce kawai za ta iya bayarwa da kyau. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun raba unguwanni bisa addini, amma Hausa ta ci gaba da zama harshen kasuwa da na samari a kowane ɓangare. Idan ƙungiyar wasa ta haɗa yaro daga Rikkos da wani daga Tudun Wada, unguwannin da ke ɓangarori daban, wace ƙa'ida admin ke sa wa maganar addini da ƙabila, kuma me yake yi ranar da gari ya ɗau zafi? Na'urar tace kalmomi ta kamfani tana gane zagin Hausa? Wannan bincike ne na doka, na zaman lafiya da na harshe a lokaci guda.

Tattara hujja

Fara da takardu. Sauke yarjejeniyar amfani, ƙa'idar ɗabi'a da manufar sirri na wasanni biyar zuwa takwas da aka fi bugawa a inda kake, irin su Call of Duty Mobile, PUBG Mobile, Free Fire da eFootball. Ajiye kowace a matsayin PDF da kwanan watan da ka sauke, domin kamfani yana canza su ba sanarwa, kuma wanda zai duba muƙalarka bayan shekara biyu ba zai tarar da abin da ka gani ba. Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin shafukan intanet, zai ba ka tsofaffin kwafi. Yi jadawali mai ginshiƙai: wa ya mallaki kayan cikin wasa, dalilan rufe akawun, ko akwai ɗaukaka ƙara, dokar wace ƙasa ke aiki, ina ake shari'a, mafi ƙarancin shekaru, mayar da kuɗi. Tabbatar ka ɗauki kwafin da ya shafi yankin Najeriya, saboda kamfani ɗaya yakan yi wa Turai sharuɗɗa daban.

Sai fili. Gani ya kori ji, kuma mai binciken da bai taɓa buga wasan ba ana gane shi daga tambayarsa ta farko. Ka ba wasan aƙalla wata uku, ka shiga ƙungiya, ka koyi kalmominsu. Daga nan ka zaɓi guruf uku zuwa biyar da shagunan gem biyu ko uku a sassa daban na gari, misali ɗaya wajen Dilimi ko Terminus, ɗaya Farin Gada inda ɗalibai suka yi yawa, ɗaya Bukuru. Hira ashirin da biyar zuwa arba'in ta wadatar wa digirin digirgir: admin-admin, masu shirya gasa, dillalan akawun, waɗanda aka kora, da masu shago. Waɗanda aka kora su ne suka fi wuyar samu kuma su ne suka fi muhimmanci, domin idan admin kaɗai ka ji, labarin adalcinsa kawai za ka rubuta. Kada ka tambayi mutum ra'ayinsa a kan adalci. Ka ce ya ba ka labarin rigima ta ƙarshe da ya gani, wa ya fara, wa ya yanke, me aka yi da kuɗin.

Kada ka ɗauki murya a cikin shago, ƙarar janareto da ihun 'yan kallo za su cinye ta. Ku fita waje ko ku yi alƙawarin safiya. Ware awa biyar zuwa shida don rubuta kowace awa guda ta hira, kuma ka rubuta ta da Hausar da aka faɗa kafin ka fassara. Kalmomi irin su amana, cuta, sulhu da rufin asiri su ne ainihin dokar guruf, fassarar gaggawa tana kashe su.

Ladubban bincike

Nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kafin hira ta farko. Manyan mujallu suna tambayar lambar amincewa, kuma ba a bayar da ita bayan an gama aiki. Ka bayyana wa guruf kai wane ne, ta bakin admin, ka bar saƙon a inda sabon shiga zai gani. Yawancin 'yan wasa a shaguna suna iya zama ba su kai shekara sha takwas ba, kuma dokar 2023 ta buƙaci yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka ko dai ka taƙaita binciken ga manya, ko ka shirya takardar yarda da Hausa ka je gida da kanka.

Sauya sunan mutum bai isa ba. Sunan wasa ma suna ne, ana iya gano mai shi a daƙiƙa guda, haka kuma jimlar da ka kwafo daidai daga guruf. Goge lambobin waya daga hoton allo, ka ajiye asali a rumbu mai makulli a wuri biyu. Kuma tun da wuri ka yanke abin da za ka yi idan wani ya ba ka labarin kutse ko damfarar da shi ya aikata: mai bincike ba shi da kariyar sirri irin ta lauya da wanda yake karewa, don haka ka gargaɗe shi kafin a kunna na'ura cewa kada ya kama suna ko ya faɗi abin da zai kai shi kotu.

Mai duba aiki, kuɗi da Abuja

Da wuya ka samu farfesan da fanninsa wasanni ne. Nemi wanda ya ƙware a dokar fasahar sadarwa, mallakar fasaha ko kare masu saye, ka kai masa shafi biyu da suka fara da matsalar doka, kalmar gem ta zo daga baya. Idan ka ce za ka yi nazarin kwantiragin da ba a tattaunawa da kariyar mai saye a cinikin da ya ƙetare iyaka, kwamitin karatun gaba da digiri zai saurare ka. Na biyu a masu dubawa ya fito daga nazarin zamantakewa, shi zai gyara maka hanyar hira.

TETFund tana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati da kuɗin ƙaro karatu, na halartar taro da na bincike, amma sai ka zama ma'aikaci tukuna, kuma ƙa'idojinta suna sauyawa, don haka ka nemi na shekarar a ofishin da ke kula da ita a jami'a. Chevening, shirin tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, digiri na biyu na shekara guda a can take biya, tana kuma neman gogewar aiki ta kimanin shekara biyu. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana ɗaukar har digirin digirgir.

Ka sa tafiya Abuja a kasafinka, aƙalla sau biyu. Can ne hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, Hukumar Kare Bayanai da hukumar gasa da kare masu saye ta FCCPC suke. FCCPC ce ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024, abin da ya nuna hannun dokar gida yana iya kaiwa ga kamfanin waje. Rubuta musu buƙata a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ka tambayi adadin ƙorafin da suka karɓa a kan kamfanonin wasa. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ko amsar ta zo cewa babu ko ɗaya, sakamako ne da za ka yi wa sharhi.

Wallafa da hawa matakai

Matakan su ne mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, yawanci da tazarar shekara uku tsakani, kuma biyun ƙarshe sai an aika ayyukanka ga masu tantancewa na waje. Kowace jami'a tana da littafin sharuɗɗanta mai nuna makin muƙala, na babi da na littafi. Ka same shi a shekararka ta farko.

Raba wallafarka gida biyu. Mujallun shari'a na tsangayoyin Najeriya, da salon ambaton madogara na Ƙungiyar Malaman Shari'a ta Najeriya, su ne abokan aikinka za su gani. Mujallun waje irin su Games and Culture da Game Studies, da tarukan DiGRA da AoIR, ƙungiyoyin masu nazarin wasanni da intanet, su ne za su sa a san ka a fannin. Daga kundin digirgir guda ana iya fitar da muƙala uku: ta sharhin doka, ta sakamakon fili, da ta kwatanci da wata ƙasa. Ka guji mujallar da ta yi maka alƙawarin bugawa cikin sati biyu idan ka biya, masu tantancewa na waje sun san su kuma suna zubar da makinsu. Sa daftarinka a SSRN, rumbun muƙaloli na intanet, idan mujallar ta yarda, ka tara madogara a manhajar Zotero tun ranar farko.

Hatsarin da ya keɓanta da wannan fanni shi ne wasa yana iya mutuwa kafin kundinka ya kammala, ko wata ƙasa ta hana shi, kamar yadda Indiya ta yi wa PUBG Mobile a 2020. Saboda haka sunan wasa kada ya shiga taken kundi. Gina babobin a kan matsalar, wato rufe akawun ba tare da jin ta bakin mutum ba, ko cinikin abin da ba a mallaka ba, wasan ya zama misali. Ka kuma rufe tattara bayanai a rana takamaimai, ka rubuta ta a babin farko, ka ce duk sauyin da kamfani ko majalisa suka yi bayan wannan rana yana wajen binciken.